Baba Pasto, Ina Tawa Mu'ujizar? Amsa Ga Wata Uwa Daga Gusau

"Baba Pasto barka da aiki. Ni mai bi ce tun haihuwa, ina zaune a Gusau, ina cikin Zumuntar Mata. Ɗana mai shekara 11 yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 6. Babu inda ban kai shi ba, azumi na yi, addu'ar kwana na je, man shafewa na saya. Watan jiya wani bawan Allah da ya zo taron farkawa ya ce aljani ne ba ciwon asibiti ba, ya sa na shuka iri, wato na ba da baikon naira dubu ashirin, ya ce in daina ba shi magani in dai na gaskata. Na daina, bayan kwana tara ya faɗi a makaranta har ya fasa baki. Da na kira shi sai ya ce bangaskiyata ce ta gaza. Duk Lahadi ina jin mutane suna ba da shaidar mu'ujiza ni kuwa shiru. Baba shin mu'ujiza na nan har yanzu ko dai ruɗin kanmu muke yi? An ce gaskata mu'ujiza na ƙarfafa bangaskiya, ni tawa sai raguwa take yi."

'Yata, sannu. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaron nan lafiya. Na karanta saƙonki fiye da sau uku kafin in iya ɗaukar waya in fara rubutu, domin abin ya taɓa ni a wurin da ke da miki.

Kafin komai, tun ba mu shiga wata aya ba: ki koma asibiti da yaron a wannan makon, ki faɗa wa likita gaskiya cewa kin tsayar da maganin da adadin kwanakin, kada kunya ta hana ki. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi farat ɗaya, yin hakan na iya jawo faɗuwa mai tsanani wadda ta fi ta da. Ni ba likita ba ne, kuma ban ga yaron da idona ba, amma wannan kam na tabbata da shi. Sauran maganar za mu yi ta a tsanake.

In na fahimce ki da kyau, tambayarki ɗaya ce a baki amma uku ce a zuciya. Ko Allah na yin al'ajibi a yau. In yana yi me ya sa ya tsallake gidanki. Sannan ko laifinki ne. Shekarata 26 ina aikin ikilisiya, yawancinsu a ƙauyukan ƙasar Zuru, daga baya na koma koyar da ɗaliban Littafi Mai Tsarki, kuma ban taɓa zama a wata ikilisiya da ba a yi mini wannan tambayar ba, sai dai yawanci a ɓoye ake yin ta, bayan an tashi daga sujada kowa ya watse, mutum ya tsaya yana wasa da bakin mayafi ko makullin mashin har sai ya ga babu mai jinsa. Ke kin yi ta a fili, na gode miki.

Ee, na gaskata, ga kuma dalilina

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Na gaskata Allah na yin mu'ujiza, jiya da yau. Kirista ba shi da hanyar da zai bi ya kauce wa wannan, don addinin gaba ɗayansa a kan mu'ujiza guda yake zaune, wato tashin Yesu daga matattu. Bulus ya faɗa ƙarara a 1 Korintiyawa 15 cewa in Almasihu bai tashi ba wa'azinmu banza ne bangaskiyarku ma banza ce, kuma bai tsaya a nan ba ya lissafa waɗanda suka gan shi, Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa sama da 500 a lokaci guda waɗanda ya ce yawancinsu suna raye a lokacin da yake rubutun, ma'ana wanda ke shakka ya je ya tambaye su. To wanda ya yarda Allah ya buɗe kabari, da wane baki zai ce Allah ba zai iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro ɗan shekara 11 ba?

Mu a nan ma ba mu da matsalar da Turawa ke da ita ta musun abin da ido ba ya gani. Kakanninmu a gargajiya sun san da iskoki. Maƙwabtanmu Musulmi sun yarda Annabi Isa ya warkar da makaho da kuturu ya kuma ta da matattu da izinin Allah. Je ki kasuwar Gusau ko ta Zuru ki nemo mutum guda da zai ce miki babu aljani babu ikon Allah, za ki sha yawo. Tamu damuwar daban ce, mun yarda da mu'ujiza amma ba a koya mana abin da aka yi ta dominsa ba.

Yohanna a bishararsa yana kiran ayyukan Yesu alamu. Ruwan da ya zama ruwan inabi a Kana shi ne ya ce farkon alamunsa, a ƙarshe kuma a sura 20 aya 30 da 31 ya ce Yesu ya yi wasu alamu da yawa da ba a rubuta ba, waɗannan an rubuta su ne don ku gaskata Yesu shi ne Almasihu Ɗan Allah ku sami rai cikin sunansa. Yadda nake bayyana wa ɗalibaina shi ne, mu'ujiza goron gayyata ce. In aka aiko miki da goron biki, goron na gaske ne, ana taunawa, yana da daɗi, amma saƙon da ke cikinsa shi ne ki zo, akwai mai gida yana jiranki, akwai tuwo a can. Wanda ya karɓi goro ya tauna ya yi zamansa a gida yana jiran a sake aiko masa da wani goron gobe, bai gane abin da aka aiko masa ba. Li'azaru da Yesu ya tayar bayan kwana huɗu a kabari, daga baya ya sake mutuwa. Bartimawas da idonsa ya buɗe, ranar da ajalinsa ya zo idon ya rufe. Duk warkarwar da aka taɓa yi a duniyar nan ɗanɗano ce ta abin da ke zuwa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kasuwa haka ne, amma a sha'anin bangaskiya Littafi ya nuna mana ba kullum ba. Kutare goma aka warkar a Luka 17, ɗaya ne ya dawo godiya, shi ma Basamariye. Mutum dubu biyar suka ci gurasa suka ƙoshi, washegari suka biyo shi ya ce musu ba don alamun kuke nemana ba sai don kun ci kun ƙoshi, kafin surar ta ƙare da yawa daga almajiransa sun juya baya, duba Yohanna 6:26 da 6:66. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na Li'azaru, mutum ya fito daga kabari da likkafani a jikinsa, wasu suka ba da gaskiya, wasu kuma suka tafi suka kai rahoto, manyan firistoci suka zauna shawarar kashe Yesu har da shi Li'azarun. Ido ɗaya, abu ɗaya, zuciya biyu. Saboda haka in aka ce miki gaskata mu'ujiza na ƙarfafa bangaskiya, gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai in ta kai ki wurin mai ita. In ta tsaya a kanta, kullum sai kin nemi sabuwa, ranar da babu sai jiki ya mutu.

Abin da na gani da idona

A farkon aikina ina wani ƙauye da in damina ta yi nisa rafi ke raba mu da titi. Wata rana da la'asar aka kawo wani saurayi a kan amalanken shanu, gobe-da-nisa ta sare shi a gona tun safe. Ƙafar ta kumbura har cinya, dasashinsa na zubar da jini, in ya tofa yawu ja ne. Rafi ya cika ya batse babu mai iya ƙetarewa da mara lafiya. Muka shimfiɗa shi a tabarma cikin majami'a, fitilar ƙwai ɗaya ce a kan benci, mata suka kewaye shi suna waƙa a hankali, uwarsa na riƙe da kansa ba ta ko iya kuka. Ni kaina ban san addu'ar da zan yi ba, Zabura 121 kawai na yi ta maimaitawa. Wajen asuba ya buɗe ido ya ce yana jin yunwa. Aka dama masa kunu. Ranar na uku da ruwa ya janye muka kai shi asibiti, likitan ya duba shi ya ce akwai waɗanda kan tsira haka, amma da irin jinin da muka kwatanta masa bai zaci zai iso da rai ba. Wannan saurayin yanzu dattijon ikilisiya ne, da jikoki.

Wani zai ce dafin ne bai shiga da yawa ba. Ba zan yi gardama da shi ba, mai yiwuwa ta nan Allah ya bi. Ni dai ina wurin, na san abin da muka roƙa, na san abin da aka ba mu.

Amma 'yata, a wannan majami'ar dai, a kan irin wannan tabarmar, bayan shekara shida na shimfiɗa ɗiyata ta biyu. Sikila ce. Shekararta 9. Mun yi azumi, ikilisiyoyi huɗu suka haɗu suna addu'a, mun kai ta asibiti an ƙara mata jini har sau uku a shekarar, dattawa sun shafa mata mai kamar yadda Yakubu 5:14 ya ce. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi tana riƙe da yatsana. Bangaskiyar da na yi wa ɗan wani addu'a da ita ya tashi, ba ta kai rabin wadda na yi wa ɗiyata da ita ba. Don haka in mutum ya tsaya a gabana ya ce duk wanda bai warke ba bangaskiya ce ta gaza, na san bai taɓa haƙa ƙaramin kabari ba.

Na yi wata da watanni ina hawa bagade ina wa'azi baki na motsi zuciya a daskare. Abin da ya tashe ni sura ce da na sha karantawa ban lura ba, Ayyukan Manzanni 12. Kowa ya san labarin Bitrus a kurkuku, sarƙa biyu, yana barci tsakanin soja biyu, mala'ika ya tashe shi, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Muna son wannan wurin, muna yi masa waƙa. Amma aya ta 2 fa? Hirudus ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi. Aya ɗaya tak, babu mala'ika babu ƙofa. Yakubu da Bitrus tare suka hau dutse suka ga ɗaukakar Yesu, tare suka shiga ɗakin 'yar Yayirus, sarki ɗaya ya kama su, ikilisiya ɗaya ce tasu. Ɗaya ya fito ɗaya aka sare. Kuma ki duba masu addu'ar nan a gidan Maryamu, da Bitrus ya ƙwanƙwasa, yarinyar nan Roda ta ruga ta ce ga shi a ƙofa, sai suka ce mata kin haukace. Kin ga irin bangaskiyarsu ke nan, suna roƙo amma ba su sa ran amsa ba, duk da haka Allah ya buɗe ƙofa. Ashe ba ƙarfin bangaskiyarmu ke murɗa hannun Allah ba.

Mu da muke Kabi da Zamfara wannan surar ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Mota ɗaya 'yan bindiga za su tare, a shiga daji da mutane, a yi ta addu'a a coci a yi ta addu'a a masallaci, wasu su dawo wasu sai labari. Na zauna da iyalai iri biyun duka. Me ya sa wannan ya dawo wancan bai dawo ba, Allah ya riƙe wannan amsar a wurinsa, Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai na Ubangiji Allahnmu ne. Duk fastan da ya ce miki yana da amsar, ya wuce gona da iri.

Kuma ba Yakubu kaɗai ba. Bulus da ake ɗaukar ƙyallen da ya taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke a Afisa, shi ne ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya a jiki aka ce masa alherina ya ishe ka. Shi ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya, 2 Timoti 4:20. Shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikinsa da yawan laulayinsa. Yohanna Mai Baftisma yana kurkuku ya aika a tambayi Yesu kai ne mai zuwan ko mu jira wani, Yesu ya aika masa da labarin makafi na gani guragu na tafiya, amma bai buɗe masa ƙofar kurkukun ba, a can aka fille masa kai, kuma Yesu ya ce a cikin waɗanda mata suka haifa babu wanda ya fi shi. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka rufe bakin zakoki, ba ta ko sauke numfashi ba ta jera waɗanda aka jajjefe aka tsaga da zarto, ta ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiya.

Kalmar da na riƙe tun daga lokacin ita ce ta samarin nan uku a Daniyel 3:17-18. Sun ce wa Nebukadnezzar Allahnmu yana da ikon cetonmu daga tanderun nan, zai kuwa cece mu, amma ko da bai yi ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Yana iya, zai yi, ko da bai yi ba. Duka ukun a numfashi ɗaya. Wanda ya riƙe na farko da na biyu kawai, rana ɗaya ta isa ta karya shi. Wanda ya riƙe na uku kawai ya daina roƙo, ya zama mai addu'ar da ba ya sa ran komai, wannan ma cuta ce, kuma ita ta kusa kama ni bayan rasuwar yarinyar.

Maganar da mutumin nan ya faɗa miki

Ki buɗe Markus 9 daga aya 14, kamar don ke aka rubuta. Uba ne ya kawo ɗansa, abin na kayar da shi, yana kumfa a baki yana cizon haƙora yana sandarewa, tun yana ƙarami, sau da yawa yana jefa shi a wuta da ruwa. Almajirai suka gwada suka kasa. Uban ya ce wa Yesu in za ka iya yin wani abu ka ji tausayinmu. Da Yesu ya yi masa maganar bangaskiya sai ya ɗaga murya ya ce na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata. Rabi da rabi ke nan, kamar ke yau. Yesu bai ce masa ya koma gida sai ta cika ba, nan take ya warkar da yaron. Da almajirai suka tambaye shi a keɓe me ya sa suka kasa, a Matiyu 17:20 ƙarancin bangaskiyarsu su masu addu'ar ya ambata, a Markus ya ce irin wannan sai da addu'a. To in za a bi Littafi, wanda ya ɗora hannu bai yi ba shi ya kamata ya koma ɗaki ya durƙusa ya binciki kansa, ba ya juye laifin a kan uwar da ta ba da abin hannunta ba.

Ba na cewa bangaskiya ba ta da wuri. Yesu ya ce wa matar da ta yi shekara 12 tana zubar jini bangaskiyarki ta warkar da ke, a Nazarat kuma bai yi ayyuka da yawa ba saboda rashin bangaskiyarsu. Amma mutumin da ya yi shekara 38 a bakin tafkin Betasda ko sunan wanda ya warkar da shi bai sani ba, Yohanna 5:13. Li'azaru gawa ne, wace bangaskiya gare shi?

Game da aljani kuwa. A labarin Markus 9 Littafi ya ce ƙazamin ruhu ne, ban musa ba, kuma ni kaina na taɓa tsayawa a kan abubuwan da ba ni da wani suna da zan ba su sai wannan. Amma Matiyu 4:24 da yake lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Ba kowace faɗuwa ce iska ba. Farfaɗiya na iya biyo bayan wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai, wani lokaci kuma ba a gano sanadin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki, wannan camfin ya sa yara da yawa sun ƙone a murhu mutane na tsaye suna kallo. Na binne wata budurwa da aka hana magani da sunan bangaskiya, ta faɗa rijiya tana jan ruwa. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Ko da ma a ce akwai hannun Shaiɗan a ciki, ƙwayar magani ba ta hana addu'a aiki. Ishaya annabi ne amma ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora wa sarki Hezekiya a kan marurun, 2 Sarakuna 20:7. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Waɗanda suka kawo mana bishara ƙasar nan da Littafi a hannu ɗaya akwatin magani a ɗayan suka zo, tsofaffinmu na Zuru sun san asibitin mishan na Tungan Magajiya, mutanen Sakkwato sun san Amanawa inda aka kula da kutare. Wasu daga cikin na farkonsu ma ba su sami warkarwa ba, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, a 1894 biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida, masu addu'a ne kuma ba a tashe su ba. Daga wannan aikin ikilisiyar ECWA ta fito. Ni ina lissafa wannan ma cikin al'ajiban Allah, sai dai irin wanda ke ɗaukar shekaru kafin a gane shi.

Yadda nake tantancewa

Littafin da ya ce kada ku danne Ruhu, kada ku raina annabci, shi ne ya ce a aya ta gaba ku gwada kome ku riƙe mai kyau, 1 Tasalonikawa 5:19-21. Tambaya ba rashin bangaskiya ba ce. Yesu da ya warkar da kuturu cewa ya yi je ka nuna kanka ga firist, wato wanda Shari'a ta ba aikin duba fata ya tabbatar. A yau wannan likita ne da takardar gwaji. Mu'ujizar gaske ba ta tsoron asibiti. 'Yan'uwanmu Katolika suna da wurin ziyara a Lourdes ta ƙasar Faransa tun 1858, suna da ofishin likitoci da ke bin diddigin duk wanda ya ce ya warke, cikin sama da 7,000 da suka kai rahoto, saba'in da 'yan kai kawai aka amince da su a matsayin mu'ujiza, wasu bayan shekaru ana bincike. Ni ba ɗan Katolika ba ne amma wannan taka-tsantsan ɗin ya burge ni. Augustine kuma, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, da farko yana ganin zamanin irin waɗannan al'ajiban ya wuce, da ya tsufa ya ga abubuwa a garinsa sai ya sa a riƙa rubutawa da shaidu, cikin shekara biyu suka tara kusan 70. Bai ji kunyar canza ra'ayi ba, bai kuma yarda a bar abin a bakin jita-jita ba.

Sai kuɗi. Nan ne ba na sassautawa ko kaɗan. Na'aman kuturu da ya warke a hannun annabi Elisha ya zo da azurfa da zinariya da riguna, Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba, Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa kuturtar ta koma kansa. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi, Bitrus ya ce kuɗinka su hallaka tare da kai. Yesu ya ce kyauta kuka samu kyauta za ku bayar, Matiyu 10:8. Baiko abu ne mai kyau, ni ma da shi ikilisiya ke riƙe ni, amma duk inda aka sa wa warkarwa farashi, aka ce ga ambulan ga lambar akawun ki yi taransifa kafin a ɗora hannu, to an maida coci gidan boka, sunan kawai aka canza. Boka ya ce kawo baƙar kaza, wannan ya ce kawo dubu ashirin. Kuma ko da abin ya yi aiki ba hujja ba ce, masu sihirin Fir'auna ma sun mai da sanda maciji, Yesu kuma ya ce a ranar ƙarshe da yawa za su ce ba mu fitar da aljanu da sunanka ba, ya ce musu ban taɓa saninku ba. Ki duba wa ake ɗaukaka bayan an gama, wa ke kan fosta, ki duba ko mutumin na da ikilisiya da dattawan da za su iya tsawata masa ko kuwa yau yana Gusau gobe yana Kontagora babu mai tambayarsa.

Shaidun da kike ji ranar Lahadi kuwa, kada ki ƙi su, da yawa na gaskiya ne. Sai dai mu fastoci muna da laifi, mun saba miƙa makirfo ga wanda ya warke kawai. Matar da ta yi shekara goma tana jinyar miji shanyayye tana juya shi tana wanke shi ba ta daina zuwa sujada ba, ba mu taɓa kiranta gaba mu ce ta ba da shaida ba. Shi ya sa kike ganin ke kaɗai ce aka mance.

Abin da zan so ki yi

Ki kai shi asibitin tarayya na Gusau, wato FMC, ko asibitin Yariman Bakura, in likitocin sun ga da buƙata za su tura ku Sakkwato, ko asibitin koyarwa ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya faɗi da tsawon lokacin da abin da ya faru kafin nan, rashin barci ne ko zazzaɓi ko an tsallake magani, likita zai ji daɗin wannan sosai wajen daidaita masa ƙwayar. Ki je makarantarsu ki nuna wa malamansa: in ya faɗi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai, in ya wuce minti biyar sai asibiti. A nisanta shi da murhu da rijiya da rafi shi kaɗai.

Sannan ki je wurin fastonku da dattawan ikilisiyarku, waɗanda suka san sunan yaron suka san ƙofar gidanku, ki ce su zo su yi masa addu'a su shafa masa mai, ba ko sisi. Ki faɗa wa uwar zumunta abin da ya faru duka har da dubu ashirin ɗin, ba don a kunyata ki ba, akwai wata a bencin bayanki da ake shirin karɓar nata. Kada ki daina roƙon cikakkiyar warkarwa, ki roƙa da gaba gaɗi, Allah bai gaji da jinki ba. Ni da mama mun sa yaron cikin addu'armu ta asuba. Da safe in za ki ba shi maganin, ki ɗora hannu a kansa tukuna, in kalmomi sun ƙi zuwa ki yi ta uban nan na Markus 9:24, ta ishe ki. Shi ma yaron ki zaunar da shi ki faɗa masa da bakinki cewa ba la'ananne ba ne kuma ba laifinsa ba ne, don ina tabbatar miki ya ji abin da aka faɗa a kansa a gaban jama'a ranar taron nan, yana nan yana juya shi a ransa shi kaɗai. In kun dawo daga asibiti ki aiko mini da abin da likita ya ce.